Danshin Bangon Mama Debby

Mama Debby ba ta gulma. Ku tambaye ta, za ta gaya muku. Shekara ashirin muna maƙwabtaka a Trikania, kuma tare muke a Zumuntar Mata a coci, ban taɓa jin ta ce "kin ji abin da wane ya yi?" ba. Ita dai ranar Alhamis a taronmu za ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta ce, "'Yan'uwa, ina da roƙon addu'a." Shi ke nan, wani ya shiga uku.

Mace ce mai zuciya, wannan kam ba zan hana ta ba. Da aka rufe masaƙar da take aiki, da tuyar ƙosai ta riƙe 'ya'ya huɗu da gidan da mijinta ya bari. Ɗaki ɗaya ta ba wani saurayi haya, mai gyaran janareta, Benjamin, yaro shiru-shiru, mai buga ganga a ƙungiyar mawaƙa.

To, bayan ɗakin nan nasa sai bango ya fara jiƙewa daga ƙasa, fenti yana ɓarewa, ga wari. Mama Debby ta duba, ta shinshina, ta gama shari'a a tsaye. Alhamis na zuwa ta miƙe.

"Mu sa yaron gidana a addu'a. Ban ce yana shan burkutu ba fa. Amma mai hankalinsa ba ya fitsari a jikin bangon ɗakinsa."

Mu arba'in muka ce amin, har da ni, Allah ya gafarta mini. Kafin Lahadi maganar ta isa Kakau, wurin Baba Victor, mahaifin Hope, yarinyar da Benjamin ke nema. Tsoho ya ce a dakatar da kawo kaya, ba zai ba mashayi 'yarsa ba. Yaron nan ya rame, ganga ma ya daina zuwa bugawa.

Da Kirsimeti ya matso, 'ya'yanta suka ce a sake wa gidan fenti. Aka kira Malam Jonathan mai fenti. Ita so take a shafa a wuce, shi kuwa ya ce sai ya kankare tsohon tukuna. Ina zaune ina taya ta tsince wake ya zo bayan ɗakin, ya ƙwanƙwasa bango, siminti ya zubo kamar garin kwaki.

"Ka ga aikin ɗan hayana," in ji ta.

"Wane ɗan haya, Mama? Ko saniya ce ba ta yi wannan ba." Ya ƙara tonawa, sai ga tsohon bututu a fashe. "Ruwan banɗakin wa ke bi ta nan?"

To, banɗaki ɗaya ne a wannan gefen, kuma nata ne, ita kaɗai ke riƙe da makulli. Wallahi na so in yi dariya, sai na tuna da amin ɗina, dariyar ta maƙale.

Washegari ta ja ni muka hau mota zuwa Kakau. Mace mai shekara sittin da bakwai ta durƙusa gaban Baba Victor a bakin rumbunsa. Ya ce ya ji, amma gaban mata arba'in aka ɓata yaro, don me za a wanke shi gaban tsoho ɗaya? Haka ranar Alhamis ta miƙe, ta ce, "Ruwan nan nawa ne. Ubangiji bai naɗa ni alƙali ba, ni na naɗa kaina, ku kuma kuka taya ni." Ranar kowaccenmu ƙasa take kallo.

An sa ranar aure bayan Ista. Amma abu ɗaya ya ci gaba da cinta, har ta tare Benjamin a tsakar gida ina wurin.

"Kai kuma, ɗana, ka san ba kai ba ne, me ya hana ka magana?"

Ya ajiye sifana, ya goge hannu a wando.

"Kullum da safe ina gaishe ki, Mama. Jira nake ki tambaye ni."