Ranar da Dutse Ya Faɗo Mini Daga Sama

Ko za ni manta da komai a duniya, ba za ni manta da ranar da dutse ya faɗo mini daga sama ba.

Lokacin ina da shekara goma sha tara, a gidanmu na Turba. Kaina cike yake da littattafan soyayya da nake saye a kasuwar Isa, har na raina saurayin da ke nemana. Ɗan kasuwa ne mai kai albasa Nijar, shiru-shiru. In ya zo zance, lafiyar awakinmu yake tambaya. Ni kuwa ina jiran mai ce mini "hasken zuciyata". Na ma shirya gaya wa Inna ba na son shi.

Da kaka ne, bayan azahar. Ina sussuka a gindin rumbu, sama tas, babu ko ɗigon gajimare. Sai na ji ƙara kamar an yage sabon yadi, jinkar rumbu ta tarwatse, wani abu ya doke ni a cinya, na zube. Kowa ya ɗauka 'yan bindiga ne, mata suka watse. Da aka ji shiru suka dawo, suka tarar da baƙin dutse kamar dunƙulen fura ya nutse a ƙasa kusa da turmi, ni kuma jini ya jiƙa mini zane.

Kakata ta ɗaga sandarta. "Gatarin aradu na! Ku ja da baya. Kar wanda ya taɓa ta sai an zuba nono."

A wajenmu, wanda aradu ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an kwarara nonon shanu a wurin, wai in ba haka ba abin zai bi mai taɓawar. Ruga kuma da nisa. Aka tura wata mata da ƙwarya. Mata biyu suka riƙe Inna tana fisge-fisge, tana kiran "ɗiyata!" Ina kwance ina jin raɗa: "Aradu dai ba ta faɗa wa mutum banza. Ko rantsuwa ta yi kan ƙarya?" Ƙafata ta yi sanyi, fuskokinsu suka fara rabuwa biyu. Mutum ashirin kewaye da ni, babu mai miƙo hannu.

Ashe saurayin nan yana zaure, ya zo gaida Baba bai same shi ba. Ya shigo ko sallama babu.

"Kaka, jini fa take zubarwa."

"Kai ɗan nan, mutuwa kake so?"

"Aradu ba hadari? To in ita ta, ta haɗa da ni. Za ni kai ta Isa."

Ya yage hannun rigarsa ya ɗaure mini cinya tamau, ya ɗauke ni cak. Inna ta ƙwace, ta hau bayan babur ɗinsa tana tallafe da ni. A asibiti, matar da ta yi mini ɗinki ta ce da an jira nonon nan, gawa za a zuba wa.

Bayan makonni wani malamin jami'a ya zo daga Sakkwato, ya ce dutsen daga can sararin samaniya ya taho, kuma ana nemansa da daraja. Nan take waɗanda suka gudu suka hau tankaɗe ƙasar tsakar gidanmu suna neman ɓarɓashi. Baba ya sayar da dutsen, aka gyara rumbu, aka yi mini kayan ɗaki. Har yau in sanyi ya shigo ina ɗingishi, kuma mutumin da ya ɗauke ni shi ne uban 'ya'yana huɗu.

Ranar na koyi cewa ba a sanin mai ƙaunarka a wurin zance. Sai ranar da kowa ya ja da baya, ka duba wanda ya matso.