Furen da Ya Sha Ruwan Alwala

'Yarmu da ke aure a Jos ce ta kawo shi, ɗan tsiro a gwangwanin madara. Wai sunansa sifiriya. Ni da na kai har aji huɗu a firamaren Gaya, sai na yi tambayoyin masu ilimi. Ana miya da shi? A'a. Magani ne? A'a. Akuya na ci? Ta ce kada ma akuya ta gan shi.

Na ce, "To mene ne aikinsa?"

Uwarta ta karɓe gwangwanin daga hannuna. "Kallo, Malam. Kai ma shekara da shekaru kallonka kawai nake yi, ai ban tuge ka ba."

Ta dasa shi a gindin katanga, inda inuwar darbejiya ke sauka da azahar, ta kewaye shi da ƙaya. Ban taɓa ganin ta ɗebo masa ruwa ba. Har nakan gaya wa mutane a kasuwar Ajingi cewa gidana akwai tsiro mai azumi. Da sanyi ya ɗaga, sai siraran rassan nan su ranƙwafo da fararen furanni ƙanana, kamar an barbaɗa musu garin shinkafa. Sai furen ya bushe take rage masa rassa da wuƙa. Wata kaka na dawo daga yankan kara da adda a hannu, na ce bari in yi masa aski. Ta tare ni, ta ce a jikin reshen bara yake fure, in mayar da ilimina gona.

Ranin da ya biyo bayan rasuwar matar tawa, Allah ya jiƙan ta, ganyen ya fara zuba. Yau in kwara masa bokiti, gobe in manta. Rassa suka soma bushewa daga sama. Ina tsaye a kansa matar ɗana ta ce, "Baba, ai nan Inna take alwala. Ga butarta can ma."

Ashe abin da yake sha ke nan duk shekarun nan, kaɗan-kaɗan, daga asuba zuwa lisha.

Ni kuwa tun ina saurayi a ƙofar masallaci nake alwala, cikin maza, ana hirar gyaɗa. Na ɗauki butar, na jawo 'yar kujerarta ta tsugunno, na koma gindin katanga. Yanzu sai an kusa tayar da salla nake isa sahu. Aminina Bala, wani tsohon da bai da haƙori amma bakinsa bai mutu ba, ya ce, "Malam, an ce ka koma alwalar cikin gida kamar amarya."

Na ce, "Maraya nake shayarwa. Ladan aikin ya fi ƙarfin kanka."

Bana da sanyi ya ɗaga, 'yan rassa kaɗan suka yi fure ta ɓangaren da nake wanke ƙafa. Bai kai na hannunta ba. Amma na zauna na yi masa aikin da aka kawo shi dominsa, kallo. Wuƙarta na nan soke a jikin danga, ina jiran furen ya bushe.