Gashin Zomo a Hannun Ɗan Fari

Ni dai farar riga ce ta ruɗe ni. Da makarantarmu ta ce za a tura 'yan ajin kimiyya asibiti a dogon hutu, mu ga yadda aikin yake kafin mu zaɓi abin da za mu karanta, har guga na yi wa hijabina tun ana saura kwana biyu. Ina aji biyar a sakandare a nan Daura, kuma a zatona aikin asibiti bai wuce ka rataya abin awon ƙirji a wuya, kana tafe ana gaishe ka ba.

Ranar farko aka kai ni ɗakin gwaji. Wani bawan Allah ya miƙo mini kashin ɗansa a cikin kwalin ashana, yana murmushi kamar goro ya kawo. Ranar ban iya cin tuwo ba. Washegari na roƙi a canza mini wuri, sai aka tura ni ɗakin wankin ciwo. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Mai ɗakin wata nas ce da kowa ke kira Sista, gajera, kakkaura, bakinta ba ya ajiye magana. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tsaya a kan farin takalmina.

"Ke ce sabuwar likitar tamu? To ga bokiti can. In amai ya zo, a ciki za ki yi, ba a kan tirena ba."

Na yi kuwa, ba sau ɗaya ba. Lokacin marka ne, ƙudaje sun samu sake, ga warin mugunya ya haɗu da na maganin wanke ƙasa. Ko na koma gida na yi wanka, sai in riƙa jin sa a cikin hancina. Abin da ya fi tayar mini da zuciya ba ciwon ba ne, abin da mutane ke cusawa a ciki kafin su zo ne. Wanda fartanya ta sara ya shafa kashin shanu, wani ya zuba baƙin mai, wata ta matsa man goge baki. Mu da ba mu ji ba mu gani ba, mu za mu kankare.

Ana haka wata safiya aka shigo da wani yaro daga wani ƙauye ta wajen Dutsi. Bai fi shekara uku ba. Ya tsoma hannun damansa a tukunyar kunu, an kwana biyar ko shida ana magani a gida. Kakarsa ce, uwar ubansa, ta ɗauko shi a kafaɗa. Wata matashiya ta biyo bayanta, amma ta toge a bakin ƙofa, ta juya kai tana kallon bango.

Sista ta warware tsumman da aka naɗe hannun da shi. An lulluɓe hannun da gashin zomo tun daga wuyan hannu har ƙarshen yatsu. Gashin ya jiƙe da ruwan ciwo, ya daskare, ya koma kore-kore, kamar mushen ɓera aka ɗaura masa. Ƙudaje suka bar kowa suka dawo kansa.

"Iya, wa ya sa wannan?" in ji Sista.

"Ni na sa," in ji tsohuwar, ko gezau. "Da shi aka yi mana, da shi na yi wa ubansa. Gashin zomo yana shanye wuta."

"Ina uwar yaron? Ta zo ta riƙe shi."

Tsohuwar ta yi dariya. "Ɗan fari ne fa. A gabana za ta riƙe shi?"

Sista ta yi tsaki, ta juyo kaina. Haka na zauna a benci da yaron a cinyata, na matse ƙafafunsa da gwiwoyina. Ta jiƙa hannun da ruwan gishiri, ta sa hantsaki tana cire gashin sili-sili, wani yana fitowa da fata. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dishe, ya yi mini fitsari a siket, kuma duk lokacin nan idonsa na kan ƙofa. Wadda yake kallo ba ta juyo ba. Na ji na tsane ta fiye da warin.

Da aka gama, Sista ta sa auduga mai magani a tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe. Sannan ta yi wa tsohuwar bayani dalla-dalla. A riƙa kawo shi kullum ana wankewa ana raba yatsun. In aka bari suka warke a manne, haka za su zauna, hannun ba zai riƙe alƙalami ba, ba zai riƙe fartanya ba.

Sun zo na 'yan kwanaki. Kullum ni ce mai riƙo, kullum uwar tana bakin ƙofa, kullum tsohuwar tana mita. Hanya ta lalace, babur ba ya shiga, aikin gona yana jira, asibiti sai tsokanar ciwo suke yi ba sa barinsa ya bushe. Ranar da na ji ta ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, na san tana shirin ɗauke ƙafa.

Ranar na tarar da uwar a bakin famfo, tana wanke wandon yaron. Ba ta girme ni da yawa ba. Raina a ɓace yake, ban ko yi sallama ba.

"Baiwar Allah, ba ɗanki ba ne? Kin ji abin da Sista ta ce. Ki buɗe baki ki gaya wa surukarki mana."

Ta ci gaba da cuɗa wandon. "Ɗan fari ne," ta ce a hankali. "In na yi magana a kansa, me za a ce da ni a gari?"

"A ce duk abin da za a ce. Hannunsa fa?"

Sai na lura wandon ya daɗe da fita, ita dai cuɗawa take yi.

Ba wai ban san al'adar ba ne. Ni ma 'yar fari ce. Har yau mahaifiyata ba ta kama sunana, sai dai "ke" ko "yarinyar nan", kuma ban taɓa jin haushi ba, don na san inda nake a zuciyarta. Amma ban taɓa ganin kunyar nan ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bango ana cire wa yaro fata ba. Ranar ta ba ni ƙyama.

Washegari ba su zo ba. Jibi ma shiru. Sista ta ce in daina leƙen ƙofa, ta ga irin wannan ya fi a ƙirga. Aka mayar da ni wajen ba da magani, inda babu wari, ga fanka, ga kujera mai laushi. Sauran 'yan ajinmu suna ta yi mini barka. Ni kuwa da na samu sarari sai in koma ɗakin Sista in tambaya. Fiye da mako guda babu labari.

Ranar da za mu gama, ina tsaye a barandar ɗakin, sai ga uwar ita kaɗai, da yaron goye a bayanta. Zanenta duk taɓo har gwiwa. Ba ta tsaya a ƙofa ba. Ta shige, ta zauna a bencin, ta kwanto shi ta ɗora a cinya.

"Ina tsohuwar?" in ji Sista.

"Tana gona. Ban gaya mata ba."

"Ya sunansa ma? In nemo katinsa."

Ta faɗi sunan da bakinta. Yaron ya ɗago kai ya dube ta, kamar bai gane da shi ake ba.

Aka warware tsumma. An cire bandejin Sista, an mayar da gashin zomo. Wannan karon babu wari sosai, don ciwon ya bushe, kuma da na ga haka har na fara murna. Sista ba ta yi murna ba. Ta jiƙa, ta cire gashin, ta gwada sa auduga a tsakanin yatsun. Babban yatsa da manuni suka rabu. Sauran ukun sabuwar fata ta riga ta haɗe su, ja, mai sheƙi, babu inda hantsaki zai shiga.

Sista ta ajiye hantsakin. Daga baya ta ce wannan ya fi ƙarfin ɗakinta, sai aikin tiyata a Katsina, in za a kai shi.

"In na zo da wuri fa?" in ji uwar.

"Da kin zo da wuri, da ba haka ba," in ji Sista. Ba ta iya ƙarya ba.

Uwar ta rungume shi a gabanmu, ta sa fuskarta a kansa, kafaɗunta suna rawa. Ta ce da ta fito, matan gidan sun bi ta da ido, ɗaya ta ce yaran zamani ba su da ta-ido. Na san da yamma in ta koma, zancen da za a yi a ƙauyen ke nan. Ba za a yi zancen hannun ba. Tsohuwar ma za ta nuna wa kowa cewa ciwo ya bushe, gashin zomo ya yi aikinsa.

Warin ɗakin nan na saba da shi daga baya, don aikin nas na karanta, kuma yanzu ina iya cin ƙosai a ƙofarsa. Amma har gobe in na ji ana yabon mace wai ko kallon ɗanta ba ta yi don kunya, sai zuciyata ta tashi kamar ranar kwalin ashana.

Na raka su har bakin get. Ta goya shi, ta tsayar da mai babur, ta hau. Da za su tashi ta ce masa ya yi wa Anti sallama. Ya zaro hannun daga cikin zane ya ɗaga mini, yatsu ukun a haɗe kamar ƙafar agwagwa, yana dariya.