La'adar da Gwaggo ta ba ni

A shekarun da na kwashe ina harkar filaye da shaguna, na ci riba na manta, na yi asara na manta, an cuce ni na yafe har fuskar wanda ya cuce ni ta ɓace mini. Amma akwai ciniki ɗaya da na san ba zai bar zuciyata ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. Shi ne kuma cinikin da ya fi kowanne kawo mini riba.

Lokacin ban daɗe da haura shekara talatin ba. Na gama karatu, na yi yawon neman aiki a Kano har na gaji, na dawo Gaya na kama dillanci. Da gidajen haya na fara, daga baya na gane cewa kuɗin yana bakin titi: shago, sito, filin gidan mai. Kullum ina kan babur, yau Balan, gobe Ajingi, ina leƙa gonakin da hanya ta ratsa. Ina samun na cefane, amma raina bai kwanta ba. Na gaji da haɗa mai saye da mai sayarwa, su kwashi romo, a miƙo mini la'ada kamar sadaka. So nake ni ma in saya in sayar, sai dai jarin ne babu.

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda aure ya kai Toranke tun kafin a haife ni. A ɗakinta aka yaye ni, kuma da yake sunan mahaifinsu aka sa mini, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce Babana. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tana gidan aure. Abin da ta mallaka a duniya shi ne wata gona a bakin hanya, wadda ta saya da guminta, da kuɗin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tun lokacin da mutane ke yi mata dariya wai ta sayi daji.

Wata Juma'a ta aiko in je. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Bayan ta cika ni da fura, sai ta ce ƙarfinta ya ƙare, noman ya gagare ta, masu ƙwadago suna cinye abin da gonar ke bayarwa. Ta yanke shawara ta sayar, ta biya kujerar Makka tun ƙafafunta suna iya ɗawafi. Ta ce ita ba ta san kan farashi ba, kuma tana tsoron a yi mata wayo.

"Kai ne idona, Babana," in ji ta. "Duk yadda ka yi daidai ne."

Abin da Gwaggo ba ta sani ba, kwana goma kafin nan wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi daga Kano ya neme ni. Yana son babban fili a bakin wannan hanyar, zai gina sito na ajiye amfanin gona da jerin shaguna a gaba. Ya faɗi abin da zai iya biya, kuɗin da ya ninka farashin ƙauye wajen sau shida. Ina zaune a kan tabarmar Gwaggo, ƙwaryar furarta tana hannuna, lissafin ya gama haɗuwa a kaina. Ba zan ɗora wa Shaiɗan laifi ba, don na san abin da nake yi. Da a lokacin na buɗe baki na ce mata akwai mai saye a hannu, da magana ta ƙare. Sai na ce mata kasuwar fili ta yi sanyi, amma zan bincika.

Washegari na kai Alhaji ya ga gonar, na ce masa tana hannun wani yaro ne da ya saya. Ta yi masa, ya ba da kafin alƙalami. Na samo wani abokina na roƙe shi ya ara mini sunansa, na kai shi Toranke a matsayin mai saye. Har wasan tayi muka yi a gaban Gwaggo: ya taya, na ce albarka, ya ƙara, na ɓata fuska na ce ba za a raina wa gwaggota hankali ba, ya sake ƙarawa kaɗan. Ita kuwa tana kallona tana murmushi, tana jin tana da ɗa. Aka kira mai unguwa da shaidu, aka rubuta takarda, ta dangwala yatsa. Da kuɗin Alhaji na biya ta, ko kwabona bai shiga ba. Bayan mako guda aka rubuta takarda ta biyu, daga abokina zuwa Alhaji, ragowar kuɗin ya shigo hannuna.

Ranar da aka biya ta, na tashi zan tafi, sai ta kira ni ɗaki. Ta ware wasu kuɗi ta ƙulle a tsumma ta tura mini a aljihu, ta ce la'adata ce. Na ce haba Gwaggo, tsakanina da ke. Ta ce sana'a sana'a ce, ba za ta ci haƙƙin ɗanta ba, kuma ta ga yadda na tsaya mata. Ta dafa kaina ta yi ta sa mini albarka. Na karɓa. Na hau babur na kamo hanyar Gaya, ƙullin yana dukan cinyata, ina gaya wa kaina cewa ai farashin da ake sayarwa a ƙauyen aka ba ta, ba a rage mata komai ba. Mutum idan yana son ya yaudari kansa, hujja ba ta yi masa wuya.

Kuɗin bai kai kujerar Makka ba. A shekarar kujera ta tashi, abin da ke hannunta ya gaza. Da na je gaishe ta na yi mata jaje, ta ce kada in damu, Allah ne bai kira ba tukuna. Ta sayi tumaki ta ce za ta yi kiwo ta cika baɗi. Na ce a raina idan na juya kuɗin sau ɗaya zan cika mata a matsayin kyauta, kowa ya yaba mini. Amma kuɗin kasuwa ba ya zama. Na sayi wasu tsofaffin rumfuna kusa da kasuwar Gaya na rushe na tayar da shaguna, na kama ofis, na sa allo da sunana, na sauya babur da mota. Kullum sai in ce bari wannan ginin ya ƙare.

Bayan kamar wata takwas, Alhaji ya fara zagaye filinsa da bulo, sai maƙwabcin gonar ya tayar da rigima cewa an shiga masa iyaka. Mai unguwa ya tara mu da hantsi a gindin wata tsamiya da ke gefen filin, ya ce ba wanda ya san asalin iyakar kamar mai gonar ta farko, a kira ta. Ba yadda zan yi in hana. Gwaggo ta zo da sandarta, ta zauna a gefe. Mai unguwa ya ce a karanta takardu kowa ya ji. Aka karanta ta farko, aka karanta ta biyu, da ranakunsu da kuɗinsu. Wani dattijo ya ce a maimaita kuɗin, ko kunnensa ne. Aka maimaita. Ya juya wajen abokina ya ce lallai yaro ka iya kasuwa, mako guda ka ninka kuɗinka haka? Abokina ya ga idanu sun yi masa yawa, ya ce shi fa aron sunansa aka yi, ko sisi bai ci ba, a tambayi dillali. Alhaji kuma ya ce shi tun kafin ranar da ke jikin takardar farko ya ba ni kafin alƙalami.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na jira Gwaggo ta yi kuka ko ta tsine mini. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dogara sandarta ta miƙe, ta ce an kira ta ne ta nuna iyaka. Ta bi gefen gonar a hankali, ta nuna inda tsohon kututture yake, ta nuna layin gamba da ta dasa da hannunta, ta ce ginin Alhaji bai shiga haƙƙin kowa ba. Rigima ta mutu. Da za ta wuce ta gabana, ba ta ɗago ba, ta ce in na gama in same ta a gida.

Na same ta a kan tabarmar da na sha fura. Na durƙusa na fara kame-kame, ina cewa dama niyyata in cika mata kuɗin kujera. Ta bar ni na yi ta zuba har na rasa abin faɗa. Sannan ta tambaye ni abu ɗaya: ranar da ta kira ni ta ce in nemo mai saye, na riga na san da Alhajin? Na ce na sani.

"Da ka ce mini jari kake nema, da na ba ka gonar kyauta," ta ce. "Wane ɗa namiji nake da shi in ba kai ba? Amma ka kawo mini baƙo gidana kuka yi mini wasan yara, ina ta sa maka albarka. Har la'ada ka karɓa."

Muryarta ba ta tashi ba, hawaye ne kawai ke bin kuncinta tana sharewa da bakin mayafi. Ban taɓa jin kaina ƙanƙani kamar ranar ba.

Cikin satin na sayar da shago biyu na kai mata kuɗin gaba ɗaya. Ta ƙi karɓa. Ta ce ta sayar, ta sallama a gaban shaidu, ciniki ya faɗa, ita ba za ta lashe amanta ba. Na ce to ta bari in biya mata kujera. Ta ce ba za ta tsaya a gaban ɗakin Allah tana tuna inda kuɗin ya fito ba. Na tura mahaifiyata, wadda ita ma ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata da kyau, na tura limamin unguwarsu. Abin da ta ce musu shi ne ta yafe mini duniya da lahira, don ba za ta so jinin yayanta ya shiga wuta saboda ita ba, amma a bar maganar kuɗi.

Ta yafe ɗin, na yarda. Idan na je takan karɓe ni, ta sa a kawo mini ruwa, ta tambayi iyali. Amma daga ranar ba ta sake ce mini Babana ba. Alhaji take ce mini, kamar yadda yaran ofis ke kira na, ni da ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba. Ta daina ba ni labarin tumakinta, ta daina aiko wa yarana ƙuli-ƙuli ta hannuna, sai dai ta hannun wani. Na gane cewa yafiya daban, yarda daban.

Ta yi shekara biyu tana kiwo tana tara kuɗi, kujera kuma tana ƙara gudu tana barin ta a baya. A shekara ta uku ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Na riƙa ɗaukar ta a mota zuwa asibiti, wannan kam ta bari. Hanyar dole ta bi ta gaban tsohuwar gonarta, inda sito ya tashi, manyan motoci suna lodin buhuna, shaguna cike da mutane. Duk lokacin da muka zo wurin sai ta juya fuskarta ɗaya gefen. Wata rana muna dawowa na sake roƙon ta, na ce ko a keken guragu ne zan tura ta ta yi ɗawafi. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ka makara, Alhaji. Ni ma na makara." Ba ta ga damina ta gaba ba.

Bayan an yi sadakar bakwai na kai wa 'yarta kuɗin, na faɗa mata gaskiyar asalinsu a gaban malamai, aka sa su cikin gado. Na biya wa wani malami ya yi mata aikin Hajji. Malamai sun ce na sauke nauyi, ina fatan haka ne a wurin Allah. Amma ni na san tsohuwar da ta so ta ga Ka'aba da idonta ba ta gani ba, kuma ni ne na tsaya a tsakani.

Yau ina da shaguna a Gaya, ina da sito a Ajingi, ana kira na a manyan cinikayya har daga Kano. Masu shigowa harkar sukan tambaye ni sirrinta, suna jiran in ce sanin inda titi zai bi, ko iya tayi. Abin da nake gaya musu shi ne: wanda ya ba ka filinsa ka sayar masa, ba ƙasa ya ba ka ba, rashin saninsa ya damƙa maka amana. Idan kai kake son saye, ka ce kai ne. Idan ka san abin da bai sani ba, ka faɗa masa kafin ya dangwala yatsa. Takarda za ta iya wanke ka a gaban mai unguwa, kuɗi kuma in sun tafi suna dawowa. Amma mutumin da ya rufe ido ya miƙa maka hannu, idan ka cuce shi, ko ya yafe maka ba zai sake rufe idon ba, kuma ba lallai ne ya jira ka har ka shirya gyarawa ba.