Mai tsaron gidan da aka manta sunansa

Jiya bayan la'asar muna shan shayi da Baba a gidanmu na unguwar Alsawra, sai na nuna masa wani tsohon hoto a waya. Wani kulob ɗin ƙwallo na garin Madani ne ya saka shi a shafinsa, wai 'yan wasansa na farko ke nan. An rubuta sunan kowa, ban da mai tsaron gida. Shi an ce ba a san ko wane ne ba.

Baba ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ai ni ne."

Na yi dariya. "Haba Baba, kai da na buɗe ido na gan ka a kan keken ɗinki?"

Ya ce, "Wallahi ni ne. Da safe in tsinci auduga a gonakin Jazira, da yamma in tsare raga ba takalmi. Su 'yan gari ne, ni kuwa ɗan lebura. 'Ya Fallati' kawai suke kirana, yadda suke kiran duk mu baƙin da muka zo daga yamma, ba wanda ya taɓa tambayar sunana."

Na rufe rubutun da yatsa, na ce to ya faɗi sauran. Ya jero su kaf, har da laƙabinsu.

Nan take na aika wa kulob ɗin cikakken sunansa. Yau da safe suka gyara, shugabansu ma ya bugo waya ya gaishe shi. Da Baba ya ajiye wayar sai ya ce, "Kalas, shi ke nan, yanzu jikokina za su yarda."

Jama'a, ku riƙa tambayar tsofaffinku tun suna nan. Ku me kuka taɓa ganowa a gidanku?