Neman Kabarin Baba a Cikin Gamba

Mun tashi daga Katsina ana sallame sallar asuba, ni da lauje biyu da na naɗe a buhu. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifina, ban taɓa tsayawa a kan kabarinsa ba. Lokacin da ya rasu hanya ba ta biyuwa, aka binne shi ba ni. Ba a jima ba 'yan bindiga suka tashi ƙauyen namu da ke bayan Ruma, kowa ya watse. Bana da aka ce an ɗan samu sauƙi, Inna, mahaifiyata, ta aiko mini daga Safana, inda take zaune wurin ƙanwata, wai in je in share kabarin kafin gobarar daji ta bi ta kansa, in zo in gaya mata yadda yake.

A motar Batsari an cusa mu kamar buhunan gero, kuɗin mota kuwa ya ninka na bara. Na gefena ya yi barci a kafaɗata tun kafin mu fita gari, sai ka ce har da ita ya biya. Ni kuwa ciyawar bakin hanya na yi ta kallo, don sana'ata ce: ni ke tura injin yankan ciyawa a wata makarantar kuɗi. Wani malamin Turanci a can ya taɓa gaya mini cewa Turawa na da kalma guda ta wannan aiki, wai "mow". Ya ce tsohuwar kalma ce, tun zamanin da kakanninsu ke yanka da dogon lauje, su shanya, su tara wa shanu abincin lokacin sanyi. Yanzu kuma an fi jin ta a kan aske ciyawar ƙofar gida don ado. Na ce masa ashe su ma sun san ingirici kafin su ƙoshi. Wadda nake yankewa bola ake kai ta, kuma har yau in na zubar sai in ji kamar tuwo na zubar.

A Batsari na ɗauki Baffa, ƙanen mahaifina, wanda shi ya sa shi a kabari da hannunsa. Muka sha koko da ƙosai a tsaye, ƙosan ya ƙanƙance kamar shi ma yana gudun hijira. Da ƙyar muka samu 'yan acaɓa biyu, da sharaɗin kafin la'asar mun baro can.

Daga Ruma hanya ta zama 'yar siririya. Gonakin da na sani da gero da gyaɗa duk gamba da kyasuwa sun cinye, har suna marin fuska. A da, duk ƙarshen damina mai unguwa kan sa a yi shelar gayya. Maza su fito da lauje su share maƙabarta, mata su aiko da fura, kafin azahar an gama ana tsokanar wanda ya fi lalaci. Yau mu biyu ne, ɗayanmu ma da sanda yake tafiya.

Ƙauyen shiru, ko kukan kaza babu. Ɗakin Inna ba jinka, ciyawa ta fito a inda gadonta yake. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

A bakin maƙabarta na yi sallama da ƙarfi. Baffa ya ce, "Gindin aduwa munka sa shi, na kihe hwasasshiyar tukunya wajen kai."

Amma aduwa babu. Masu gawayi sun sare itatuwan duka, sai kututture uku, shanu kuma sun tattake tukwanen. Baffa ya je wannan kututture, ya dawo wancan, yana buɗa ciyawa da sanda. Can ya zauna a ƙasa.

"Ɗana, ka yahe mani," in ji shi. "Wallahi ban gane wurin ba."

Na sunkuya na fara yanka daga inda nake tsaye. Inji ya sangarta ni, nan da nan tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Duk tudun da ya bayyana sai in tsaya in yi masa addu'a, ko da shi ne. Ko rabi ba mu ci ba 'yan acaɓa suka fara danna oda.

Na isa Safana ana kiran magariba. Inna ba ta kama sunana, don ni ne ɗan fari. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Kai, ka gane shi?"

Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi. Na gaya mata komai, har da cewa mai yiwuwa yana cikin ɓangaren da ban kai ba. Ta daɗe tana kallon hannuna.

"Ka yi sallama da ƙarhi?"

"Na yi, Inna."

"To ai ya san muryarka."

Washegari na dawo Katsina. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, ba tukunya ba ce ke riƙe kabari, masu zuwa duk shekara ne. In gari ya watse, har matattunsa ɓacewa suke yi. Mutum ɗaya ne ya san inda mahaifina yake kwance, shi ma yanzu bai sani ba.