Man Kaɗanya a Tafin Kare

Ni da kare, tun ina yarinya hanyarmu ba ɗaya ba ce. In na hango shi a lungunmu na Kano, zani nake tattarewa in sake hanya. To, Allah da ikonSa, da na zo karatu Manchester, ɗakin da na samu kusa da Oxford Road a gidan wata tsohuwar Baturiya yake. Ba ta da kowa a gidan sai wani guntun kare mai siraran ƙafafu, tsoho tukuf kamar ita. Muka yi sharaɗi, sama tawa, ƙasa tasu, kuma shekara guda ko jelarsa ban taɓa ba.

Da sanyi ya kankama aka ce za a yi mata aikin ƙugu a Birmingham, inda ɗanta yake. Flat ɗin ɗan kuwa ba a shiga da dabba. Tsohuwa ta kafe, ta ce in haka ne ta fasa aikin. Ina kallonta tana jan ƙafa tana cije leɓe, sai bakina ya riga hankalina.

"Ki tafi, zan riƙe shi."

Kafin in janye maganar har ta rungume ni. Ta shiga jero min dokoki: kada a bar shi a waje, kada ya fita ba riga, in an dawo yawo a wanke masa ƙafa saboda gishirin da hukumar gari ke zuba wa titi don ƙanƙara. Kare da riga! Na danne dariyata don kunya.

Tana tafiya na sayo safar roba ta wanke-wanke, mai kaiwa gwiwar hannu. Da ita nake sa masa igiya, da ita nake ɗan goge masa ƙafa sama-sama ina kau da kai. Rigarsa ta ulu kuwa warinta ya ishe ni, na yi mata wanki irin namu, tafasasshen ruwa da cuɗa. Da ta bushe, ko mage ba za ta shiga ba.

Ga kare yana karkarwa a bakin ƙofa yana kallona, ga shi ni na ja. Haushi ya kama ni, tausayi ma ya kama ni. Na yanki gefen bargona, na ɗora masa atamfa, na ɗinka da hannu. Da muka fita sai ga wani ɗan garinmu da muke jami'a tare. Ya dube ni, ya dubi kare, ya ce, "Hajiya, anko kuka yi?" Wallahi sai a lokacin na lura ragowar atamfar ce a kaina.

Ana nan sai kare ya fara ɗingishi, ya daina cin abinci sosai. Amana ce fa, kuma in ya mutu a hannuna ban san da bakin da zan gaya wa matar nan ba. Ina cikin wannan zulumi Innata ta kira ta bidiyo, shi kuma ya gitta ta bayana.

"Innalillahi! Atamfar da na saya miki ce a jikin kare?"

Ta yi faɗa har ta gaji. Can ta ce, "Me ya same shi yake ɗage ƙafa? Matso da wayar." Na ɗaga tafin da safata, ta ƙura ido.

"Kaushi ne, ya tsage. Ina man kaɗanyar da na sa miki a jaka? Wanke masa da ruwan ɗumi ki shafa."

Na ɗauko buta na wanke, na lakato mai.

"Da roba? Ke da roba na shafa miki? Cire abin nan, in kin gama ki wanke hannu. Ko ruwa ya ƙare a Ingila?"

Na cire. Tafin nan sanyi ƙalau, a tsattsage, sai na ji kunya ta rufe ni. Ya lashe rabin man, rabin ya yi aiki. Kafin mako ya zagayo shi ke jana a titi.

Sai ɗan tsohuwa ya kira. Aiki ya yi kyau, amma ta ƙi tashi ta taka, likitoci kuwa sun ce in ba ta taka yanzu ba ƙafar za ta sandare. Ta ƙudurta karenta ya mutu muna ɓoye mata. Hotunan da nake turawa ma cewa take tsofaffi ne muka yi wa dabara, don karenta bai taɓa sa irin wannan riga ba.

Muka hau jirgin ƙasa ni da ɗan ankona sai Edgbaston, unguwar da asibitin yake a Birmingham. Asibiti ba a shiga da kare, don haka ɗan tsohuwar ya nuna min tagar ɗakinta a bene, ya hau ya gaya mata. Sai dai daga can ba za ta hango shi a ƙasa ba, motoci sun tare. Na duba jaka, babu safa.

Na yi bismilla na sunkuce shi, na ɗaga shi sama kamar jaririn suna. Ya juyo ya lashe min kunci, ɗan banza, na ce zan wanke. Hannuna ya gaji, ban sauke ba.

Can labule ya motsa. Ga ta a tsaye da ƙafafunta, riƙe da ƙarfen tafiya, ta manna tafinta a gilashi tana kuka.